Ranar da Dutsen Baba Kari Ya Kwana

A layinmu akwai wani mai guga da ake ce wa Baba Kari. Ba shi ne sunan da iyayensa suka sa masa ba, hannunsa ne ya jawo masa. In ya goge maka wando, karin da zai fitar, ƙuda ma sai ya yi shawara kafin ya sauka a kai. Mahaucin layin yakan ce duk ranar da wuƙarsa ta dakushe ba zai tsaya wasa ta ba, wandon da Baba Kari ya goge zai ɗauko ya yanka nama da shi.

Gajeren mutum ne, siriri kamar tsinke, amma hannunsa na dama ya kusa yin biyun na hagu saboda ɗaukar dutsen guga. A wurin kawunsa ya koyi aikin tun yana saurayi, a ɗakin wankin wani babban asibiti. Kawun nan ba mai yawan magana ba ne, doka ɗaya gare shi: dutse ba ya kwana a kan tufa. Wato ko atishawa ce ta zo maka, ka fara mayar da dutsen guga kan mazauninsa, sannan ka yi atishawarka. In ka manta, akwai wani ludayin katako a gefen tebur, shi zai tuna maka a bayan hannu. Baba Kari ya sha ludayin nan har hannun ya haddace karatun da kansa, ba sai ya tambayi kai ba.

Da ya buɗe nasa wurin, ɗaki ɗaya ne a gaban gidansa. Tebur ne dogo, an shimfiɗa masa bargo uku da farin ƙyalle. Dutsen gawayi biyu, ɗaya na aiki ɗaya na shan wuta. A hannun dama ga mazaunin dutse, wani faifan ƙarfe mai ƙafa uku da ya yi baƙi ƙirin. Sai wani gwangwani a kan kanta, inda yake tara abin da ya tsinta a aljihun mutane: makulli, maɓalli, ƙwayar magani, takardar da mai ita ba zai so matarsa ta gani ba. In ka zo karɓar kaya, zai miƙa maka abinka a dunƙule, ba ya ko kallon fuskarka. Shekara arba'in da uku yana tsaye a bakin teburin nan, ko hankicin mutum bai taɓa ƙonawa ba. Wani da gida yake taƙama, wani da mota, shi da wannan.

Bayan bangon shagon tsakar gidansa ce, nan matarsa take wanki. Kowa Inna yake ce mata, shi kuwa Manaja yake kiran ta. Ita za ta wanke, ta sa bula da sitaci, ta shanya, ta miƙo masa ta wata 'yar taga da suka fasa a bangon. Inna irin mutanen nan ce da bakinsu ba ya hutu. Ta yi magana da shi, ta yi da bokiti, ta yi wa kaji faɗa, in ta rasa abokin hira ta juya kan rigar da ke hannunta: "Ke kuma me maigidanki ya ci haka ya zuba miki?" Shi dai nasa "uhm" ne. 'Yarsu ta taɓa tambayarsa, wai Baba, me Inna ta ce yanzu da ka ce uhm? Ya ce, "Ni ina na sani? Ba saurare nake ba, amma dai ina jin ta."

Hutunsa ɗaya ne a mako. Ranar Asabar bayan la'asar zai zubar da toka, ya rufe shago, ya tsallaka titi zuwa wurin mai gyaran rediyo, wanda muke kira Injiniya. Injiniya yana da wata tsohuwar talabijin da wani ya kawo gyara ya ƙi dawowa. A nan ake kallon wani tsohon shirin kisan kai da tashar take ta maimaitawa tun gashin kanmu yana baƙi. Kowane mako a kashe mutum a wani babban gida, sai wani ɗan sandan ciki ya zo bincike. Ba mu taɓa riƙe sunansa ba, Mai Lema muke ce masa, don ko rana ake ƙwallawa yana rataye da lema a hannu. A ƙarshe zai tara mutanen gidan a falo, ya yi ta zagaye su yana magana, sannan ya nuna ɗaya da kan lemar.

Bencin Injiniya mutum huɗu yake ɗauka, sauran jama'a a tsaye. Wurin da ke jikin bango na Baba Kari ne. Kusa da shi sai Masinja, wani dogon dattijo da ya yi shekara talatin yana ɗaukar takardu a kotu. Shi yake jin yaren da ake yi a shirin, ko dai ya ce yana ji, shi yake fassara mana. Masinja yana ganin tunda ya daɗe yana tsayuwa a bayan alƙali, ƙurar shari'a ta zauna masa a ka. Abin da yake ba shi haushi kuwa, Baba Kari da ba ya jin ko kalma ɗaya yakan riga shi gano mai laifi.

Da tufafi yake ganewa. Mutum zai shigo falo yana kuka, kowa na tausaya masa, sai ka ji Baba Kari ya ce, "Ku dubi gwiwar wandonsa. Wannan ya durƙusa a inda bai kamata ba." Ko ya ce, "Matar nan ta sake riga. Wa ke sake riga mijinta na kwance a ƙasa?" Sau goma, zai ci bakwai. Ukun da ya faɗi, ya ce laifin talabijin ɗin Injiniya ne, ba ta nuna zare sosai.

To akwai wani kashi na shirin da ya tsaya masa a rai. An kashe wani tsohon attajiri a ɗakin karatunsa, an buga masa abu a ka. A gidan akwai matarsa, akwai likitansa, akwai wani ɗan ƙanensa mai gashi a kwance da ba ya aikin fari ba ya na baƙi, sai kuma wani tsohon bara da yake yi wa gidan wanki da guga. Shekara ashirin da suka wuce aka fara nuna shi. Baba Kari ya ce ɗan ƙanen ne. Ana cikin tara mutane a falo, Mai Lema ya ɗaga lema ke nan, aka ɗauke wuta. Da aka sake nunawa bayan wasu shekaru, iska ta karya eriyar Injiniya tun da safe. Shekara ashirin ba wanda ya ga ƙarshen a layinmu, shi kuwa duk lokacin da zancen ya taso sai ya ce, "Ai wannan a fili yake. Mai gashi a kwance ne."

Wata Asabar sai ga kashin nan ya dawo. Injiniya har janareta ya aro, ya ce yau a yi ta ta ƙare.

Aka zo falo. Mai Lema ya zagaya, ya zagaya, ya wuce matar, ya wuce likita, ya tsaya a gaban ɗan ƙanen. Baba Kari ya gyara zama, ya ce, "Yawwa." Sai Mai Lema ya dafa kafaɗar yaron kamar mai gaisuwa, ya wuce. Ya sa hannu a wani kwando ya zaro farar riga. A tsakiyar bayanta ga ƙuna, shatin dutsen guga sak, har da tsininsa.

Masinja ya fara fassara cikin jin daɗi. "Ya ce, kai bara ka ce ba ka bar ɗakin guga ba ko da minti ɗaya. To ga rigar maigida. Wa ya bar dutse a kanta har ta ƙone haka? Ka bar dutsen ne ka tafi ka kashe shi."

Kan lema ya tsaya a ƙirjin tsohon baran. Aka sa talla. Da aka dawo, baran ya sunkuyar da kai yana magana, ana sa masa ankwa.

"Ya amsa," in ji Masinja. "Ya ce shi ne."

Shago ya ɗauki sowa. Mahauci ya buga cinya, ya ce, "Ashe ɗan'uwanku ne, Baba! Shi ya sa ka yi shekara ashirin kana kare shi. Ni daga yau ba na juya maka baya."

Baba Kari bai yi dariya ba. Ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi ba kafin a gama nuna sunaye.

"Ƙarya ne," ya ce.

"Me ne ne ƙarya?"

"Mutumin nan bai kashe kowa ba. Kun ga yadda ya riƙe dutse a farkon shirin? Kun ga yadda ya bi kwalar riga daga baki zuwa tsakiya? Wannan ba ɗan koyo ba ne, ya kai shekara arba'in a aikin. Mai guga irin wannan ba ya barin dutse a kan tufa. Ko yana so ba zai iya ba, hannun ba zai yarda ba. Wani ne ya shiga ya kwantar da dutsen don a ɗora masa. Kuma kun san wane ne."

Masinja ya gyara tabarau. "Malam Kari, a kotu in mutum ya amsa laifinsa da bakinsa, magana ta ƙare."

"Ya amsa yaushe? Bayan talla. Wa ya san abin da suka yi masa lokacin da ake tallan sabulu?"

Injiniya sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

"Kai dai ka faɗi," in ji Masinja. "Ɗan Adam ne, kowa na mantuwa. Kai ma wata rana za ka manta."

Nan fa aka taɓa inda ba a taɓawa. Baba Kari ya nuna shagonsa ta ƙofa. Ya ce, "Ku shaida. Ranar da dutsena ya kwana a kan tufar wani, ranar zan yarda baran nan shi ya yi kisa, kuma ranar zan ajiye guga. In rufe shagon can, kowa ya goge abinsa. Kafin nan kuwa, ba ni ba bencin nan, sai kun yarda an zalunci mutumin."

Ya fita. Magana kuwa zarar bunu ce.

Da ya ba Inna labari, ta ce, "Malam, a kan mutumin cikin akwati ka jingina abincinmu? Shi yana can ya wanke fuska ya tafi gida wurin matarsa." Ya ce, "Manaja, ba ki gane ba." Ta ce, "Na gane sarai. Tsufa ne."

Ka san halin maza in sun tsufa ba su da aikin yi. Su Mahauci suka ɗauki abin ya zama sana'a. Ba wai suna so ya rufe shago ba, a'a, ko kusa ba su yi tunanin nan ba. So suke kawai su ga hannun nan ya yi kuskure sau ɗaya.

Ranar Litinin da hantsi, Baba Kari na tsakiyar wani zanen gado, Mahauci ya faɗo shagon a guje yana ihu, "Gobara! Gobara a layi!" Baba Kari ya ɗora dutse a mazauninsa, ya ja zanen gefe, ya goge hannu, sannan ya ce, "A ina?" Mahauci ya tsaya yana haki, ya ce, "An kashe." Baba Kari ya ce, "Sannunku da ƙoƙari," ya ɗauki dutsensa.

Ranar Laraba Injiniya ya sami wata baƙar waya mai kauri, ya lallaɓo ta bayan ƙofa ya wurga ta tsakanin ƙafafunsa, ya ce, "Maciji!" Wannan kam ta yi aiki rabi. Baba Kari ya yi tsalle har kan tebur, tsohon da gwiwa ke damu. Amma da aka duba, dutse na zaune a mazauninsa, shi kansa bai san lokacin da ya ajiye ba. Yana tsugune a kan tebur ya ce, "Injiniya, zo ka ɗauki macijinka, akwai rediyon mutane da ke jiran sa."

Har rago Mahauci ya taɓa sakowa cikin shagon. Ragon ya ture gwangwani, makullai suka watse, ya fita da hular wani a baki. Inna ta leƙo ta taga ta wanke su tas, ta ce masu jikoki da su, amma hankalinsu bai kai na kajinta ba. Dutse dai bai kwana ba.

Asabar biyu suka wuce, wurin da ke jikin bango babu kowa. Baba Kari zai rufe shago kamar kullum, ya ɗauko kujera ya zauna a ƙofar gida, ya juya wa titi baya. Kiɗan farkon shirin yana tsallako titi ya same shi, sai ka ga kunnen ya motsa, amma wuyan ya ƙi juyawa. A can kuma kallon ya lalace. Masinja ya yi ta fassara ba mai musa masa, har shi ma ya fara hamma.

A mako na uku suka haƙura da gwaji. Masinja ya kawo wata farar riga da yake ji da ita, mai aiki a wuya, wadda abokan aikinsa suka ba shi ranar da ya bar kotu. Zai sa ta zuwa taron tsofaffin ma'aikata. Ya ce, "Malam Kari, rigima daban, aiki daban." Baba Kari ya ce, "Haka ne." Ranar karɓa, Masinja ya zo da wuri, rigar ba ta sauka daga tebur ba, ya zauna a bakin ƙofa shi da Mahauci suna jira. Ba wanda ya shirya komai a ranar.

Baba Kari ya yayyafa ruwa, ya taɓa ƙasan dutse da jiƙaƙƙen yatsa, ya ji ƙarar da yake so. Ya gama hannuwa, ya gama gaba, ya juya bayan rigar. A bayan bango Inna na ta yi wa wani bargo faɗa, wai ya sha ruwa ya fi ta nauyi. Sai aka ji ƙarar bokiti ya faɗi, ya gangara. Sai wani tim.

Sai shiru.

Su Masinja ba su ma lura ba, hirarsu suke. Shi kuwa Baba Kari, shekara arba'in bai taɓa jin bangon nan ya yi shiru da rana ba. Ya ce, "Manaja?" Ba amsa. Bai sake kira ba. Ya bi ta kan ƙafafun Masinja, ya zagaya ta ƙofar gida da gudun da ba wanda ya san yana da shi.

Ya same ta zaune daɓas a cikin bahon wanki, ƙafafu a sama, kumfa har kunne. Santsin ruwan sabulu ne ya kwashe ta. Faɗuwar ta ɗauke mata numfashi, baki a buɗe amma magana ta ƙi fita. Ya kama ta yana jijjigawa, yana kiran ta, yana shafa mata ruwa a fuska, alhali duk jikinta ruwa ne. Can ta ja numfashi, ta dube shi, ta ce, "Malam, kashe ni za ka yi? Fito da ni mana."

Ya fito da ita. Ƙafa ce ta yi targaɗe, ban da haka ba komai. Ya zaunar da ita a kan kujera, ta fara yi wa sabulun faɗa. Sai a lokacin hancinsa ya gaya masa.

Da ya koma shago, Masinja da Mahauci suna tsaye a bakin tebur. Mahauci ne ya ɗage dutsen, yana riƙe da shi kamar wanda aka ba jaririn wani. A tsakiyar bayan farar rigar ga shati, ja-ja-baƙi, har da tsini. Kamar daga talabijin aka ciro ta.

Abin da suka yi mako uku suna nema ga shi a gabansu, ba wanda ya iya ko murmushi.

Baba Kari ya karɓi dutsen, ya fita waje, ya zubar da garwashin, ya yayyafa masa ruwa. Ya kashe ɗayan ma. Ya naɗe rigar yadda yake naɗe kowace riga, ya miƙa wa Masinja da hannu biyu. Ya ce, "Ka yi haƙuri. Kai ka yi gaskiya." Ya jawo ƙofa ya sa kwaɗo.

Kwana tara shagon nan a rufe. Yana cikin gida yana jinyar Inna, yana gasa mata ƙafa, yana ba kaji hatsi. Kaji ma sun gaji da shi. Inna ta ce, "Malam, ka koma aikinka. Mutum na numfashi kana tsaye a kansa kana ƙirgawa." Ya ce, "Na yi magana a gaban mutane." Da rana hannun damansa sai ya riƙa tafiya a kan cinyarsa, gaba da baya, gaba da baya, shi bai sani ba.

Layi kuwa ya koma kamar an tauna mutane an tofar. Malamin makaranta ya tafi aiki da riga kamar cikin akuya. Masinja bai je taronsa ba.

Rana ta goma, da hantsi, suka yi sallama su uku, Masinja da Mahauci da Injiniya. Masinja a gaba, sanye da rigar nan mai ƙuna. Inna na zaune ƙafa a miƙe, ta ce, "Ga 'yan gobara sun zo. Yau kuma me ya kama?"

Masinja ya zauna ya gyara tabarau. Ya ce, "Malam Kari, ƙara na zo ɗaukakawa. Tambaya ɗaya zan yi maka, ka amsa kamar kana gaban alƙali. Ranar nan, me ya sa ka bar dutse?"

"Mantuwa, kamar yadda ka ce."

"An yi maka gobara ba ka manta ba. An yi maka maciji ba ka manta ba."

Baba Kari ya saci kallon Inna. Ya ce, "Na ji faɗuwa ne. Sai kuma ban ji komai ba."

"To da a ce niyya ka yi, ka shirya tun safe za ka je ka yi wani mugun abu ka dawo ba a sani ba, za ka bar dutsen?"

"Haba! Ai mai shiri shi ya fi kowa ajiye dutse. Har toka zai..." Sai ya tsaya. Ya miƙe tsaye a hankali. "Kai! Ɗakin gugar nan na cikin shirin, ina yake?"

"Ƙarƙashin ɗakin karatu," in ji Injiniya. "Akwai matakala a gefe."

"To ai shi ke nan! Faɗuwar maigidansa ya ji a samansa! Mutumin da ya yi wa guga shekara da shekaru. Ya saki dutse ya ruga, ya tarar an riga an gama. Tsoro ya kama shi, ya ce bai fita ba. Mai Lema ya ga ƙuna ya ce kisa ne. Ƙunar nan ba ta kisa ba ce, ta wanda hankalinsa ya tashi ce!"

"Ni ma kwana tara abin da nake juyawa ke nan," in ji Masinja. "A kotu na ga irinsu da yawa. Mutum ya yi ƙarya ɗaya don tsoro, a ɗora masa goma. Na yarda, an zalunci baran."

"Amma dutsen, shi ya bar shi," in ji Baba Kari, murya ƙasa-ƙasa. "Ba wani ne ya kwantar masa ba. Nan kam na yi kuskure."

"Ka yi. Kai rabi, ni rabi. Saura maganarka. Cewa ka yi ranar da dutsenka ya kwana za ka yarda baran ya yi kisa, kuma ka ajiye guga. Igiya ɗaya ka ɗaure su da ita. Yanzu ka yarda ya yi kisan?"

"Allah ya kiyaye!"

"To ba a zartar da rabin hukunci. In na farko ya faɗi, na biyu ya bi shi. Shekara talatin ina jin ana faɗin haka."

Allah kaɗai ya san ko akwai wannan dokar a wata kotu. Baba Kari ma bai gamsu sosai ba. Ya koma ya zauna, yana shafa gemu, yana cewa magana dai magana ce. Yana cikin haka idonsa ya sauka a kan wandon Mahauci.

Mahauci da kansa ya goge shi, da dutsen matarsa. A ƙafar hagu kari biyu ne, suna tafiya tare daga ƙugu, a gwiwa suka rabu kowa ya kama gabansa. A ƙafar dama babu kari ko ɗaya, sai wani ƙyalli a cinya inda ya danne da ƙarfi kamar yana daka ƙashi.

Baba Kari ya kau da kai. Ya sake dubawa. Ya rufe ido.

"Da wannan ka ratso titi?"

"Kwana huɗu ke nan ina sa shi," in ji Mahauci. "Har an yaba."

"Wa ya yaba?"

"Wani makaho."

"Cire shi."

"A nan? Gaban Inna?"

"Manaja, ba shi zane ya ɗaura."

Inna ta tuntsire da dariya har ta manta ta taka ƙafar, ta yi ƙara, ta zagi sabulu. Baba Kari ya riga ya kai ƙofa, makulli a hannu, yana tambayar Injiniya ko yana da ashana.

Masinja ya biyo shi. Ya ce, "Asabar fa? A ajiye maka wurinka?"

"A ajiye. Amma ka gaya wa Mai Lema ina kallon sa."

"Rigar nan kuma fa? Akwai dabara?"

Baba Kari ya juya shi, ya dubi ƙunar da kyau, ya bi gefenta da yatsa. Ya ce, "Babu. Wannan ta zauna ke nan. Ka riƙa sa kwat a kai."

Ya buɗe kwaɗon, ya tsuguna ya fara zuba gawayi a dutse. Mahauci na tsaye a bayansa ɗaure da zanen Inna mai furanni, wando a hannu, mutanen layi na taruwa suna kallo.